Ɓarin Goron da Bai Iso Daga Zungur Ba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar kakata Hajiya Asabe, wadda duk zuriyarta ke kira Dada. A makon da ya wuce kawunnena suka yi mata saukar Alƙur'ani a ƙofar gidanmu da ke unguwar Ɗan Iya, kamar yadda suka mayar al'ada. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, an raba shinkafa da lemo, an kuma raba kalanda mai hotonta. Mai hoton ya nuna gwaninta: ya goge mata tamoji, ya goge tsagen da ke kumatunta, ya fito da wata farar hajiya da ko a hanya ban taɓa gamuwa da ita ba. Bayan an shafa addu'a sai babban kawuna, Kawu Sabo, ya karɓi lasifika ya ce babu abin da yake alfahari da shi kamar yadda suka riƙe mahaifiyarsu tamkar ƙwai a lokacin korona, ko ƙuda ba su bari ya sauka a kanta ba. Jama'a suka yi ta sa albarka. Ina kujerar baya, duk a kunnena. Da aka watse na koma ɗaki na ɗauki biro.

Dada ita ta haifi mahaifiyata. Aure ya kai mahaifiyata Misau, ni kuma karatun jami'a ya dawo da ni Bauchi, aka ba ni ɗakin da ke kusa da zaure. Da annoba ta shigo aka rufe makarantu, sai na zauna a nan, ni da littattafaina da ita. Tana kirana Maigida, irin wasan kaka da jika, kuma ba ta taɓa barina na wuce ƙofarta lafiya ba. "Ga mijin da ba ya cefane," in ji ta. "Kullum kai a takarda. In na mutu da yunwa sai ka karanta mini."

Kada a fahimce ni a baibai. Cutar nan gaskiya ce, ta kuma ɗauki mutane, kuma likitocin da suka ce tsofaffi ta fi kayarwa ba su yi ƙarya ba. Rigakafi ya fi magani, ban musa ba. Abin da nake ƙi shi ne yadda wasu suka ɗauki wannan gaskiyar suka ɗinka wa kansu babbar riga da ita. Kawu Sabo babban ma'aikacin gwamnati ne a lokacin. Ƙanensa, Kawu Ɗanjuma, yana da shagunan yadi a kasuwar Wunti. Su biyun suka zauna a falo suka yanke hukunci: Dada ba ta fita, kuma ba mai shiga wurinta. Aka ajiye bokiti mai famfo da sabulu a ƙofar ɗakinta. Maƙwabtan da suka saba shigowa hira aka riƙa mayar da su daga zaure. Ni kaɗai aka bari ina kai mata abinci, don an san ba ni zuwa ko'ina. An tambayi wani likita abokin Kawu Sabo, an saurari rediyo, an duba waya. Mutum ɗaya ce ba a tambaya ba, ita ce wadda za a kulle.

A watannin nan na lura da wani abu da har yau ban ga ya canza ba. Annoba ɗaya ce ta shigo gari, amma kowane tsara da tasa yake kuka. Sa'o'ina abin da ya dame su an rufe gidan kallon ƙwallo, data ta yi tsada, an hana taron biki. Sun ji an ce cutar ba ta cika kashe matasa ba, daga nan suka toshe kunne. Su kawu kuma tasu annobar ciniki ne da ya tsaya, da kwangilar da ba a biya ba, da sunan wa za a sa a rabon tallafi. In sun tuna da Dada, abin da ke gabansu shi ne kada a ce uwar wane ta mutu da cutar nan, a zo da motar asibiti a yi musu abin kunya a unguwa. Tsofaffi kuwa, waɗanda aka ce don su ake duk wannan hidima, ban ji ko ɗaya yana tsoron mutuwar kanta ba. Sun daɗe da sanin tana tafe. Abin da ke hana su sukuni shi ne yadda za ta same su: wa zai laƙƙana musu kalmar shahada, wa zai wanke su, mutum nawa za su tsaya a sahu. Wanda ya kusa sauka daga mota ba gudunta ne ya dame shi ba, kayansa yake tattarawa.

Dada tana da ƙawa, Goggo Hansai. Tun suna amare a Wunti, katanga ɗaya ta raba su, suka ƙulla ƙawance. Ban taɓa jin ɗayarsu ta kama sunan ɗaya ba, Ƙawa kawai suke ce wa juna. Dada ta sha ba mu labarin wata rana da aka kira su wankan wata maƙwabciya, suka tarar da wasu mata sun yaye mamaciyar suna hirar adashe a kanta. A hanyar komawa gida suka yi alkawari: duk wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta wanke ta, ta suturta ta, ba wata ba. Wannan ba sirri ba ne. 'Ya'yan Dada sun sani, 'ya'yan Goggo sun sani, har mu jikoki mun haddace. Da tsufa ya zo, ɗan Goggo Hansai, Malam Buba, ya ɗauke ta ya mayar da ita ƙauyen Zungur inda yake noma. Kunnenta ya yi nauyi, ba ta jin waya. Sai maganarsu ta koma cikin langa. Duk Juma'a Dada za ta sa a yi dambu da zogale a zuba a wata tsohuwar langa a kai Zungur, direban Kawu Ɗanjuma ke kaiwa. Kwano ba ya komawa haka nan, don haka langar takan dawo da daddawa ko kuka ko 'yar gyaɗa. Amma duk abin da aka zuba, a samansa akwai ɓarin goro ɗaya a naɗe cikin ganye. Goggo takan ɓare goro biyu, ta ci ɓari, ta aiko ɓari. Dada ta goga nata a magogi ta ci, ta san Ƙawa tana nan. Su kawu sun bar langar ta ci gaba da tafiya a lokacin kulle, bisa sharaɗin a wanke ta da ruwan zafi. Shekaru suna ganin tana fita tana dawowa, ba wanda ya taɓa buɗe ta ya ga abin da ke ciki.

Ana cikin haka Kawu Ɗanjuma ya aurar da babban ɗansa. An ce taƙaitaccen biki za a yi saboda halin da ake ciki. Ni dai na ga taƙaitaccen da ya toshe layinmu da motoci. An yi musabaha, an yi runguma, an ci a faranti ɗaya, takunkumin kowa yana rataye a haɓa kamar gemu. Dada tana ɗaki, an ja mata labule. Da na kai mata abinci ta ce, "Maigida, kai da ka yi boko, faɗa mini. Wannan cutar kunya gare ta ne? Na ga ba ta zuwa gidan biki, sai ɗakin tsohuwa." Na ce ban kai nan a karatu ba tukuna. Ta ce, "Ai na sani. Da ka kai da ka yi cefane."

Juma'ar da ta biyo bayan biki langa ta dawo da daddawa, babu goro. Dada ta zazzage ta a faifai, ta duba murfin, ta sa ni na leƙa ƙasan gado ko ya faɗi. Ta aika a tambayi direba. Aka ce mata wai Goggo ta ce goro ya yanke a ƙauye. Ranar ba ta ci abincin kirki ba. Labari ya kai wa Kawu Ɗanjuma cewa tsohuwa tana cigiyar goro. Shi kuma ɗan kasuwa ne, abin da ya sani shi ne in mai saye ya yi ƙorafi a ƙara masa. Da wata Juma'ar ta zagayo, langa ta dawo shaƙe da fararen goro manya manya, lafiyayyu, ko ɗaya ba a ɓare ba. Irin goron da ake kai wa surukai.

Ina tsaye lokacin da ta buɗe. Ta daɗe tana kallonsa. Ta mayar da murfin a hankali, ta ce in kira mata Kawu Sabo, wanda ya shigo gidan bayan masallaci. Ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa da takunkuminsa, kamar yadda ya tsara. Shi ne ɗanta na fari, kuma tunda nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba, sai dai ta ce "kai wannan" ko "babban gida". Ranar ta ɗaga kai ta dube shi.

"Sabo," in ji ta. "Yaushe aka binne ta?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ya fara da wa ya faɗa miki, ya koma Dada ki yi haƙuri, daga ƙarshe ya faɗi. Goggo Hansai ta cika tun ana jibi ɗaurin aure, bayan ɗan zazzaɓi. Da safe Malam Buba ya kira Kawu Sabo ya ce ga wasiyya, a kawo Dada. Kawu ya shawarci ƙanensa, suka ga in aka faɗa mata za ta fita, in ta fita za ta shiga taro, kuma ga biki a gaba, zaman makoki zai ɓata shiri. Sai ya ce wa Malam Buba Hajiya ba ta fita saboda cutar nan, su yi haƙuri su yi abin da ya sawwaƙa. Ni ma ba su faɗa mini ba, don sun san bakina yana iya shiru amma fuskata ba ta iyawa. Dambun da take aikawa kuwa, yaran shago ke cinyewa a Wunti, a cika langar a kasuwa a dawo da ita.

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta ce in miƙo mata mayafi da takalmi, in tare keke mai ƙafa uku. Kawu ya ware hannu a ƙofa yana cewa, "Dada, wallahi don lafiyarki muka yi. Kwananki muke so ya ƙaru."

Ta ce, "To ina kwanan da ka ƙara mini? Kawo in gani, in san me zan yi da shi. Ba ni hanya."

Ya ba ta. Ta karɓi takunkumi a hannuna ta ɗaura da kanta, daidai, har hanci, abin da ban ga ko mutum ɗaya ya yi a wurin biki ba. Wannan ya tsaya mini a rai. Da sun faɗa mata tun ranar, da an sa mata takunkumi da safar hannu, a kai ta a mota, ta yi abin da ta ɗauka, a dawo da ita. Ko da likita ya ce sam kada ta taɓa gawar, da ta zauna a bakin ƙofa tana faɗa wa mai wankan yadda za ta yi. Ko da wannan ma ya gagara, da aƙalla ta san ranar da za ta yi wa Ƙawa addu'a. Hanyoyi suna da yawa. Sun zaɓi wadda ba za ta taɓa musu biki ba, suka sa mata suna kulawa.

A Zungur muka tarar an daɗe da tashi daga zaman makoki. Matan gidan suka amsa sallamarmu ba yabo ba fallasa. Na durƙusa daga bakin ƙofa na yi gaisuwa, Dada ta shiga ta zauna a kan tabarmar da Goggo ke zama. Saude, matar Malam Buba, ita ta yi magana, kanta a ƙasa. "Dada, mun jira ki har azahar. Kafin ta cika sai da ta ce kada kowa ya taɓa ta sai kin zo. Aka ce kin ce ba kya fita saboda cuta. Ni na wanke ta, ban taɓa yi ba."

Na zuba wa Dada ido ina jiran ta faɗi gaskiya. Kalma kaɗan ce: ban sani ba, ɓoye mini aka yi. Ba ta faɗa ba. In ta wanke kanta, sai ta tsayar da 'ya'yanta biyu a gaban mutanen ƙauye a matsayin maƙaryata, kuma uwa ba ta yin haka. Sai ta ce, "Ku yafe mini." Ta tambayi Saude ta ina ta fara, da me ta rufe ta, ko ta tsefe mata kai. Saude tana faɗa tana hawaye. Da ta gama Dada ta ce, "Kin yi daidai, 'yar nan. Allah ya ba ki mai yi miki." A cikin keke muna dawowa ta kama hannuna ta ce muddin tana numfashi kada in kuskura in buɗe baki a Zungur. Haka ta dawo Bauchi da sunan matsoraciyar da ta saɓa alkawarin shekara da shekaru don tsoron tari. Su kawu ta rufa musu asiri, su kuma suka ɗauka maganar ta wuce.

Korona ba ta kama Dada ba. Wannan ne abin da Kawu Sabo yake nufi da ƙwai. Ta ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni, kuma ina shaida cewa ba su yi mata daɗi ba. Ta daina tsokanata. Ta daina tambayar wace rana ce. Alkawari kaya ne, kuma nata ya rasa inda za a sauke shi. Abu ɗaya ta yi da ƙarfinta na da: ta kira mahaifiyata daga Misau ta ce mata, hannun da ya wanke Ƙawa shi zai wanke ni.

Ta rasu da hantsi cikin damina. Kafin a ce me, ƙofar gida ta cika da manyan motoci, abokan aikin Kawu Sabo da manyan 'yan kasuwar Wunti. Aka kira Zungur, aka ce Saude tana gona, sai an je an kira ta. Kawu Sabo ya leƙo cikin gida ya ce ga mata nan a unguwa da suka iya, manyan mutane suna jira, wasu suna da taro. Mahaifiyata, wadda ban taɓa jin ta ɗaga wa yayanta murya ba, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakin ta zauna. Ta ce, "Yaya, a Zungur an jira Dada har azahar ba ta je ba. Yau su ma su jira." Suka jira. Na ga manyan riguna suna duba agogo, suna neman inuwa a jikin katanga. Saude ta sauko daga keke da taɓon gona a ƙafarta. Ba ta tsaya gaisawa da kowa ba, ta nemi ruwa ta shiga. Ita da take ganin tsohuwar nan ta ƙi zuwa wa surukarta, ita ce ta bar shukarta ta zo.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me Dada za ta ce in ta leƙo yau. Bokitin famfon nan yana bayan gida, ana jiƙa wanki a ciki. Sa'o'ina da suka yi rawa a bikin nan yanzu su ne ke sa hotonta a waya duk shekara suna rubuta cewa sun yi kewa, alhali da tana raye sai su yi wata ba su leƙa ɗakinta ba. Kawu Sabo ya yi ritaya, sukari ya kama shi, 'ya'yansa sun karɓe makullin mota, su ke faɗa masa inda zai je da wanda zai gani. Kwanan baya na ji yana yi wa Kawu Ɗanjuma ƙorafi cewa yaran zamani ba sa tambayar mutum, sai dai su yanke masa hukunci kamar jariri. Na tabbata da Dada ta ji da ta yi dariya har sai ta yi tari. Ni ban yi ba. Na dai lura cewa ko a lokacin bai tuna da ita ba, kansa yake tausayawa. Kuma wata annobar za ta zo, don ba a taɓa yin ta ƙarshe ba. Za a sake cewa a kare tsofaffi, masu shekara hamsin su sake zama a falo su yanke abin da ya fi musu sauƙi, matasa su sake toshe kunne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mu mun fi son mu gyara rufin da muke gani daga titi.

Dada ba ta bar gida ko gona ba, kuma hoton da ke kalanda ba nata ba ne. Abin da ta bari shi ne ta nuna mini cewa mutum yana iya fifita maganar da ya ɗauka a kan kwanakin da suka rage masa, kuma ba hauka ba ne, ba ruɗin tsufa ba ne. Ta ce in yi shiru muddin tana numfashi, na yi. Bayan ta tafi mahaifiyata ta roƙe ni in ƙara haƙuri don zumunci, na ƙara shekara huɗu. Da Kawu ya bar lasifikar nan a hannun liman, wataƙila da na ƙara wasu.

Na san ba a kai jarida Zungur. Ranar da wannan rubutun ya fito a cikinta zan sayi ɗaya in hau keke in je, in durƙusa a bakin ƙofar nan in karanta wa Saude da Malam Buba tun daga farko. Abin da nake so su ji bai da yawa. Dada ba ta ce ba ta fita ba. Ba ta ji tsoron cuta ba. Ranar da kuka ajiye Goggo kuna duban hanya har azahar, tana Ɗan Iya a bayan labule, tana tsince zogalen da za ta aika mata ranar Juma'a. Allah ya ji ƙansu su biyun, ya haɗa su inda ba mai tare ƙofa.